Farin Tsumman Raƙiya

Duk wanda ya zauna Kalfu a shekarun nan ya san Inna Raƙiya matar Idrisa. Wanda bai san ta da ido ba ya sha furar da aka dama da nonon shanunta. Doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya bisa wuta. Ba ta da yawan dariya, kuma ba mafaɗaciya ba ce. Abu guda ne ba ta iya kawar da ido a kansa ba, shi ne ƙazanta. Ƙoren tatsarta kullum suna kife bisa rumfa suna shan rana, farare tas. In mace ta ari ludayinta ta maido, Raƙiya za ta karɓa da fara'a, ta bari sai mai aron ta fita, sannan ta sake wanke shi. Matan unguwa sun sani, suna yi mata dariya a bayan ido, amma in ana suna ko biki wurinta ake aikawa a sayo nono.

An haife ta a wani ƙaramin ƙauye tsakanin duwatsun Adar. Ubanta manomi ne mai ƴan shanu, kuma da yake ƴaƴansa na fari duk mata ne, ita ya koya wa tatsa tun hannunta bai gama kama kan nono ba. Tana tasowa budurwa aka yi farin shekarar tamanin da huɗu. Da idonta ta ga shanun gidansu suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen ma sai da suka zare ciyawar rufin rumbu suka ba ta, duk da haka ba ta ga damina ba. Uban bai sake kiwon saniya ba har ya rasu, in ana zancen shanu ma tashi yake ya bar wurin. Raƙiya kuwa tun ranar ta sa wa ranta sai ta sake jin kukan maraƙi a gidan da take kwana.

Da aka aurar da ita ga Idrisa ta dawo Kalfu. Idrisa mutumin kirki ne marar hayaniya, kuma kamar yawancin mazan Adar, da an kai gero rumbu sai ya ɗaure kaya ya nufi Abijan ci-rani, ba a ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Ita ta riƙe gida, ita ta yi renon ƴaƴa. Ta fara da akuya, akuya ta zama tumaki, tumaki suka zama karsana. Lokacin da gwiwoyin Idrisa suka hana shi tafiya, ya dawo gida ya zauna, ya tarar da ɗan garke a bayan ɗakinsa. A cikinsu akwai wata jar saniya irin ta Azawak, mai laushin fata da cikar hantsa, wadda Raƙiya ta zaɓo da kanta tana karsana a kasuwar Barmu. Ƴar Barmu ake ce mata. Ba ta harbi, ba ta ɓoye nono, in Raƙiya ta tsuguna ƙarƙashinta sai ta lumshe ido tana tuƙa.

Ana nan wani mutum mai suna Hamisu ya buɗe ƙaramin gidan madara a Tawa, yana dafa ta yana yin yawur, kindirmon zamani, yana ƙullawa a leda. Ya zo Kalfu neman madarar safe. Matan da ke da shanu suka haɗa ƙungiya, suka kafa rumfa a bakin hanya inda kowa ke kawo abin da ta tatsa a juye cikin manyan garewani, babur ya ɗauka. Da aka zo zaɓen shugaba ba a yi gardama ba, Raƙiya aka ba. Aka kuma kira ta wani horo a Tawa, inda aka gaya musu a wanke hannu kafin tatsa, a goge hantsa da tsumma mai tsabta. Wannan magana ta yi mata daɗi ƙwarai, don ta ji masu ilimi sun faɗi abin da ta daɗe tana faɗa. Kafin ta hau mota sai da ta shiga kasuwa ta yanki farin alawayyo sabo, ta dawo gida ta daje bakinsa da allura.

Daga nan safiyarta ta sake tsari. Bayan sallar asuba ta fara da Ƴar Barmu, ta jiƙa farin tsumman ta goge mata hantsa, ta tatse, ta bi sauran shanunta. Sannan ta saɓa tsumman a kafaɗa ta bi gidajen ƴan ƙungiya. Duk inda ta shiga ita ke goge hantsar da hannunta, ta ja nonon farko don ta nuna wa mai saniya yadda ake yi. Da hantsi ta wanke tsumman da sabulu ta shanya shi bisa igiya, yana walƙiya, kowa na gani. Ba wanda ya sa ta wannan wahala. Tana yi ne don tana son madarar Kalfu ta yi suna, kuma, gaskiya, don tana jin daɗin yadda mata ke matsawa gefe in ta shigo garke.

Gida guda ne ba ta shiga. A ƙarshen gari, wajen gonaki, akwai wata Buzuwa mai suna Ummul Kulsum, wadda ta zo da mijinta Alƙasum daga arewacin Tebaram bayan rijiyarsu ta ƙafe. Shanunta kaɗan ne, ramammu, masu tsoron baƙo. Mace ce mai sanyin magana, Hausarta a hankali take fita. Da ta shiga ƙungiya, Raƙiya ta je mata da tsumma kamar kowa. Ta tarar tana tatsa cikin wani baƙin akushi. Tun nan ranta ya ɓaci. Da ta matsa za ta goge hantsa, Ummul Kulsum ta ɗaga hannu.

"Ki yi haƙuri, Shugaba. Shanuna ba su san hannun kowa ba sai nawa. Za su halbe ki."

Gaskiya ta faɗa, amma Raƙiya ta ɗauke shi raini. Ta naɗe tsummanta ta fita, ba ta sake komawa ba.

Shekara ta zagayo, sai madara ta fara ɓaci. Hamisu ya aiko cewa in ya ɗora ta bisa wuta tana tsinkewa, yawur kuma ba ya kamawa, sai ruwa a sama gudaji a ƙasa. Aka sake wanke garewani da ruwan zafi, aka matso da lokacin ɗauka, duk a banza. Ranar da mai babur ya dawo da garwa cike ya ajiye a rumfa ya ce maigidansa ya ce ba ya so, mata suka yi cirko-cirko suna kallon Raƙiya. Ita kuwa ji ta yi kamar ita aka maido. Ta miƙe tsaye.

"Ni ba ni son ɓoye-ɓoye," in ji ta. "Tun da munka hwara aikin ga ba a taɓa maido muna da madara ba sai bana. Kowa na twatsa cikin ƙwarya wankakka, kowa ta yarda a goge mata hantsa. Akwai mace guda da ka twatsa cikin baƙin akushi, ta kuma hana a taɓa shanunta. Ku kun san ko wa nike nuhi."

Ummul Kulsum na tsaye a bakin rumfa da ɗan bokitinta a hannu. Ta ce, "Akushina baƙi na don hayaƙi, Shugaba, ba don dauɗa ba."

"Dauɗa ko hayaƙi, ba ya ƙara shiga garwarmu."

Ummul Kulsum ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, kowa ta sunkuyar da kai. Ta gyara lulluɓinta, ta juya da madararta.

Madara ba ta gyaru ba. Maimakon Raƙiya ta tsaya ta yi tunani, sai ta ƙara gaba. Ta ce ai shanun Buzuwar a kwami ɗaya suke shan ruwa da na gari, ciwo suka zo da shi daga arewa suka shafa wa na mutane. Maganar ta bi gari. Aka koma in Alƙasum ya koro shanunsa rijiya sai ya jira kowa ya shayar ya tafi, rana ta take, sannan ya matso. Yara ma suka koyi cewa shanun Buzaye masu ciwo.

Hamisu dai madara yake so, ba ya son rasa Kalfu. Ya je ma'aikatar kula da dabbobi a Tawa ya kai kuka, aka haɗo shi da wata ma'aikaciyar ɗakin bincike mai suna Jannatu. Matashiya ce ƴar Tawa da ta yi karatu a Yamai, gajera mai fara'a. Ta iso da sassafe da kula cike da ƙanƙara da wata jaka. Ta ce tana son ta gwada kowace saniya da ake tatsa, tun kafin a tatse ta.

"A hwara da gidana," in ji Raƙiya, "kowa ta zo ta ga yadda madara mai kyau take."

Mata suka cika garken. Raƙiya ta goge wa Ƴar Barmu hantsa da farin tsummanta, ta ja baya tana murmushi. Jannatu ta fito da wata farar roba mai mariƙi, mai gurbi huɗu kamar tandar masa. Ta zubar da tsirtuwar farko a ƙasa, sannan ta tatsa kowane nono cikin gurbinsa. Ta ɗiga wani ruwa mai launin bawon albasar Galmi a kai, ta shiga juya robar a hankali. Gurbi biyu suka tsaya ruwa-ruwa. Sauran biyun kuwa, ana kallo madarar ta fara kauri, ta haɗe a tsakiya, ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Da Jannatu ta karkata robar, abin ya ƙi zuba, sai ya zarto a dunƙule.

"Mi na na wanga?" in ji Raƙiya.

"Ciwon hantsa na, Inna. Nonuwan baya duka biyu sun kamu."

"Ɗiyata, ki dubi hantsar ga da kyau. Ba kumburi, ba zahi, ba jini. Ni na san ciwon hantsa tun ba a haihe ki ba."

"Wanda kinka sani shi na mai hitowa waje, Inna, kowa na ganinai. Akwai mai ɓoyo. Saniya na cin abincinta, madara hwara tas ga ido, amma ciwo na ciki. Kin san in yatsa ya yi ƙurji yakan tara mugunya? To haka jiki ka aiko da masu yaƙi da cuta cikin hantsa. In sun yi yawa cikin madara, ruwan ga na taɓa su sai ya yi yauƙi. Shi ya sa madararku ka tsinkewa ga wuta."

Wata daga baya ta ce, "Kun gani ko? Har saniyar Shugaba sun shahwa ma." Wannan magana ta ba Raƙiya inda za ta raɓe, ta kuwa raɓe. Ba ta ce haka ne ba, ba ta ce ba haka ba ne.

Jannatu ta goge kan kowane nono da auduga mai alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta tatsa kaɗan cikin ƴan ƙananan kwalabe, ta rufe ta rubuta, ta jera cikin ƙanƙara. Suka fita zuwa gida na gaba. Raƙiya ta sauke tsumma daga kafaɗa za ta goge kamar kullum, sai Jannatu ta riƙe mata hannu a hankali.

"Inna, wanga shi na kinka goge ma taki da shi?"

"Shi na. Kullum sai na wanke shi da sabuni."

"Da shi kike bin gidajen duka?"

"Awo, da shi."

Jannatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki ara mini shi in tahi da shi." Raƙiya ta miƙa mata da alfahari, tana zaton za a kai shi Tawa a nuna wa wasu. Jannatu ta sa shi cikin leda ta ƙulle.

Gida bayan gida robar nan tana yauƙi, wata saniya nono ɗaya, wata biyu. Da rana ta ɗaga mata suka watse wajen girki, sai Raƙiya kaɗai ta raka Jannatu ƙarshen gari, don ita ce shugaba. Ta tsaya a wajen shinge, ba ta shiga ba. Ummul Kulsum ce ta tatsa da hannunta cikin robar, Jannatu ta ɗiga ruwa ta juya. Daga inda take tsaye Raƙiya tana hango madarar tana kewaya gurbi salalala, ba kauri ko kaɗan. Aka yi ta biyu, aka yi ta uku, haka. Ta ji Jannatu na cewa, "Shanunki lahiya lau suke." Ummul Kulsum ta ɗago kai ta dubi shinge. Raƙiya ta yi kamar tana cire ƙaya a takalmi.

Duk da haka ba ta sallama ba. Ta ce wa Idrisa ruwan kwalba ba zai koya mata saniya ba, wa ya san abin da aka zuba a ciki. Bayan ƴan kwanaki ta shiga motar Tawa ta je ɗakin binciken da kanta, da niyyar ta ji da kyau.

Ɗaki ne mai sanyi, mai warin magani, da teburori farare. Jannatu ta tarbe ta, ta ba ta kujera da ruwa. Sannan ta buɗe wani akwatin ƙarfe mai ɗumi a ciki, ta fito da wasu ƴan faranta masu murfi, a cikin kowanne akwai wani jan abu daskararre. Ta ce abincin ƙwayoyin cuta ne. Ana shafa ɗigon madara a kai a sa cikin ɗumi irin na jikin saniya, in akwai cuta sai ta ci ta hayayyafa har ido ya gan ta.

"Wagga ta Ƴar Barmu ta."

Farantin ya cika da ƴan ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa, kamar an watsa gero. Jannatu ta jera na maƙwabta kusa da shi, irin ɗigon nan ne, launi ɗaya. Ta ajiye na Ummul Kulsum, ja wur, ba komai a kai. Ta ɗebi ɗigo ɗaya ta shafa a ɗan gilashi, ta rina shi, ta sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce Inna ta leƙa. Raƙiya ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Da farko haske kawai ta gani. Sai ga su, ƴan ƙwallaye shuɗaye a cure a cure kamar ƴaƴan magarya a reshe.

"Irin wagga cuta ba ga ruwan kwami take tahiya ba, Inna. Wurin twatsa take bi, daga hantsa zuwa hantsa, ga hannu ko ga tsumma."

Ta ɗauko faranti na ƙarshe ta ajiye. Ya fi duka cika. Raƙiya ba ta iya karatu ba, amma ba ta buƙaci a karanta mata abin da aka rubuta a murfin ba, ta san na tsummanta ne.

"Ina wanke shi," ta ce. "Kullum ina wanke shi."

"Na sani, Inna. Da hantsi kike wankewa. Amma da sahe, daga saniyar hwarko har ta ƙarshe, shi ɗaya na. Ba laihinki ba na ke ɗaya, ya kamata a hwaɗa maku kowace saniya da nata tsumma."

Raƙiya ba ta ji wannan lallashi ba. Abin da take gani shi ne kanta tana shiga gidajen mutane da tsumma a kafaɗa, mata na matsa mata, tana yi musu faɗan tsabta, alhali ita ce ke raba musu ciwo da hannunta. Ta tuna tsayuwarta a rumfa. Ta tuna Alƙasum a bakin rijiya cikin rana yana jiran a gama. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kasa ɗaga ido ta dubi yarinyar da ta kai sa'ar ƴarta.

Jannatu ta nuna mata wani faranti da aka jera wa ƴan ƙananan takardu masu magani, ta ce inda cuta ta kauce ta bar fili, wannan maganin ne zai yi aiki. Ta ce ƙananan shanu da ba su daɗe da kamuwa ba za su iya warkewa, a riƙa zubar da madararsu har magani ya fita, a riƙa tatsar masu ciwo a ƙarshe. Ƴar Barmu kuwa ciwon ya daɗe a jikinta, da wuya ya bar ta. Sannan ta ƙara da cewa, "Ni abin da za ni hwaɗa ma ƙungiya shi na kowace saniya da tsummanta, a tahwasa shi bayan twatsa. Ba sai na ambaci sunan kowa ba."

Raƙiya ta koma Kalfu ta shige ɗaki. Ta ce kanta ke ciwo. Ba ta fita rumfa ba, ba ta bi gidaje ba. Da Idrisa ya matsa mata ta gaya masa komai, tana kallon ƙasa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tun da yarinyar ta ruhe, ki bar shi ruhe. Ba da gangan kinka yi ba. Magana za ta mutu da kanta."

Ta so ta yarda. Jannatu ta dawo ta yi wa shanu magani, ta faɗi zancen tsumma a dunƙule kamar yadda ta yi alkawari, ba wadda ta kawo komai a ranta. Amma ran da Raƙiya ta fara fita rijiya, ta tarar da wata maƙwabciyarta tana korar maraƙin Alƙasum da sanda daga bakin kwami, tana cewa, "Ku tahi da ciwonku, kun gama muna da shanu. Shugaba ta hwaɗi tun hwarko." Matar ta juyo tana neman ta goya mata baya. Raƙiya ta ɗauki tulunta rabi ta koma gida.

Da la'asar ta ɗebi gero a ƙwarya ta nufi ƙarshen gari. Ummul Kulsum na zaune bisa tabarma tana shanya cuku, don tun da aka kore ta abin da take yi da madararta ke nan. Ta yi mata maraba, ta shimfiɗa mata buzu. Raƙiya ta yi ta gaisuwa, ta tambayi yara, ta tambayi gajiya, ta sake tambayar yara. Da ƙyar ta fitar da maganar, a guntule, tana wasa da bakin zane. Ta ce ciwon daga gidanta ya fito. Ta ce a yafe mata.

Ummul Kulsum ta juya cuku ɗaya, ta juya na biyu.

"Na yahe maki, don Allah," ta ce. "Amma abin da kinka hwaɗi, gaban mutane kinka hwaɗe shi. Yanzu kin zo gidana, ba kowa sai ni da ke. Gobe mijina zai koma rijiya."

Geron ma ba ta karɓa ba. Ta ce suna da shi, ta gode.

Kashegari Raƙiya ta je rumfa lokacin da mata suka fi cika. Ta tsaya inda ta tsaya wancan karon. Ba ta iya tsara magana ba, ta dai faɗe ta yadda ta zo: cewa shanun Ummul Kulsum ne kaɗai masu lafiya a garin, cewa ciwon na Ƴar Barmu ne, cewa tsummanta ne ya kai shi kowane gida, cewa ta ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba. Ta ce daga yau su nemi wata shugaba.

Wurin ya kaure. Wata ta ce saniyarta ta rasa nono guda saboda ita. Wata ta ce dama ta gaji da shigar mata gida ana koya mata wanke hannu kamar yarinya. Wadda ta kori maraƙi ta ce, "Ke kinka sa mu cikin alhakin mutane." Wasu tsofaffi suka ce a yi haƙuri, kuskure ne. Raƙiya ta tsaya ta sha duka, ba ta mayar wa kowa ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yawancin abin da suka faɗa gaskiya ne.

Aka aika wa Ummul Kulsum ta dawo ƙungiya. Ta ce ta gode, cukunta ya ishe ta. Alƙasum ya koma shayarwa tare da kowa, mutane na gaishe shi fiye da kima, shi kuwa yana amsawa a taƙaice. Da damina ta yi kyau a arewa suka kwashe kayansu suka koma wajen danginsu.

Ƴar Barmu ba ta warke ba. Aka yi mata magani, aka sake, robar Jannatu na ci gaba da yauƙi. A ƙarshe Idrisa ya sa mata igiya ya kai ta kasuwa. Ranar Raƙiya ta tafi gona tun da safe, ta yini tana tsinkar wake, ba ta dawo ba sai da ta tabbata an wuce da ita.

Madarar Kalfu ta gyaru a hankali, Hamisu ya ci gaba da ɗauka. Raƙiya na nan cikin ƙungiya, tana kawo nata ta juye ta tafi. Matan sun daɗe da hucewa, wasu ma sun nemi ta karɓi shugabanci kuma, ta ƙi. In ana taro takan zauna daga baya, kuma in aka fara neman wanda ya yi laifi a wani abu, sai ta ce tana da aiki a gida.

Bara idonta ya fara hazo, Idrisa ya kai ta asibiti a Tawa. Suna cikin layi, mata a benci guda maza a wani, ta ji an yi mata sallama da wata murya mai sanyi. Ummul Kulsum ce, ta kawo surukarta. Benci ya cika, sai ta matsa ta ba Raƙiya wuri kusa da ita. Suka gaisa, suka yi zancen ruwan bana da na shanu da tsadar dussa. Raƙiya na ta neman abin da za ta ƙara, ba ta samu ba. Aka kira surukar, Ummul Kulsum ta kama hannun tsohuwa suka shiga, kuma da suka fito ta wata ƙofar suka bi.

A mota, sun bar gari, Raƙiya ta ce wa Idrisa, "Na ga matar Alƙasum."

"Lahiya suke?"

"Lahiya lau. Ta ce shanunsu sun haihu."

Idrisa ya ce madalla. Ita kuwa ta jingina kai da gilashi har suka iso Kalfu.